Wai Don Williams shi kaɗai ya gina kansa?

Tsohon Direba: Jama'a, raina a ɓace yake. Wani yaro mai gabatar da shiri a rediyo ya buɗe baki ya ce wai ba don ƙungiyar Pozo-Seco Singers ba, da ba wanda zai san Don Williams, mawaƙin nan na Amurka mai salon waƙar kantiri. Wace ƙungiya? Mutum uku ne suka haɗu a Corpus Christi ta jihar Texas a 1964, shi da Susan Taylor da Lofton Kline, kuma ba ma waƙar kantiri suke yi ba. Da abin ya watse, bawan Allah ya koma sayar da kujeru da gadaje a shagon surukinsa. Daga nan ya tashi shi kaɗai ya gina kansa, har waƙoƙinsa 17 suka hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri na Amurka. Wa ya taɓa sayen kaset ɗin Pozo-Seco a tasha?

Malamin Sakandare: Ranka ya daɗe Alhaji, ban da "shi kaɗai". A ƙarshen 1971 Jack Clement, wani mai shirya faifan waƙa, ne ya ɗauke shi aikin rubuta waƙa a birnin Nashville, a 1972 kuma kamfanin faifan Clement ɗin ne ya fara fitar da waƙoƙinsa bayan watsewar ƙungiyar. Allen Reynolds ya tsara masa sautin nan mai sanyi da kuke so. Ina kaɗaici a nan?

Tsohon Direba: Malam, ai ba haka nake nufi ba.

Malamin Sakandare: To amma haka ka rubuta. Kuma manyan waƙoƙinsa ma wasu suka rubuta. "Tulsa Time" ta Danny Flowers ce, mai kaɗa masa gita. "You're My Best Friend" ta Wayland Holyfield ce. Waɗanda Bob McDill ya rubuta masa kuwa ba a magana.

Maman Sadiya: Haba Malam, kai komai sai ka jawo sunayen Turawa ka jera mana kamar ana kiran suna a aji. Ni dai tun ina yarinya a gidanmu muryar mutum ɗaya nake ji a rikodar babanmu, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa jin muryar wani Bob ba.

Bakatsine: Amin Hajiya. Amma Malam ya yi gaskiya, babu mawaƙin da yake shi kaɗai. Ko Shata da ya fi kowa, da makaɗan kalangu da 'yan amshi yake tafiya.

Ɗan Jos: Gyara zancenka, yayana. Akwai wanda yake shi kaɗai. Ɗan Maraya, shi da kuntiginsa, babu ɗan amshi, babu makaɗi. Kuma wa ya ce maka Shata ya fi kowa?

Bakatsine: Au, yau kuma da Shata za a gwada Ɗan Maraya? Lallai yaro bai san wuta ba sai ya taka.

Ɗan Jos: Wa kake kira yaro? Ku mutanen Katsina in an taɓa Shata sai ka ce an taɓa muku gado.

Bakatsine: Gadon ne ai. Kai kawo naka mu gani.

Maman Sadiya: Don Allah ku bari, dukansu sun riga mu gidan gaskiya.

Mai Shagon Kaset: Ni dai abin da na sani, a shagona Kenny Rogers ya fi tafiya. In ana zancen wanda ya fita daga ƙungiya ya yi suna, shi ne. Tun yana cikin ƙungiyar First Edition aka sa sunansa a gaban na ƙungiyar, saboda an ga waye mai jan mutane. Suna watsewa ya fito da "Lucille" a 1977, duniya ta ɗauka.

Tsohon Direba: Ya fi tafiya da nawa? Kawo lissafi.

Mai Shagon Kaset: Alhaji, lissafin shekara talatin da wani abu zan kawo maka? Littafin ma gara ta cinye.

Tsohon Direba: To ni na yi hanyar Kano zuwa Legas har gashina ya yi fari, ban taɓa jin direban da ya raba dare da Kenny Rogers ba. Don Williams ake sawa. Mutumin da ya je Harare a 1997 ya yi wasa, jama'a suna rera waƙoƙinsa tare da shi.

Malamin Sakandare: A Hararen ma da makaɗansa ya je. Ba shi kaɗai ya hau dandamali ba.

Maman Sadiya: Innalillahi! Malam, ka saki kalmar nan haka mana, ta gaji.

Wani Baƙo: Ni fa tambaya gare ni. Da ƙungiyar ta watse, shi ya bar su ko su suka bar shi? Don in shi ya tafi, wannan butulci ne.

Ɗan Jos: Wane butulci kuma? Mutumin da ya koma sayar da kujeru? Mai butulci ai gaba yake yi da kuɗin jama'a.

Tsohon Direba: Kuma Malam, tunda kana son sunaye, "Love Me Over Again" shi ya rubuta abarsa, ta hau matsayi na ɗaya a 1980. Wannan ba ka faɗa ba.

Malamin Sakandare: Ban musa ba, ranka ya daɗe. Ɗaya cikin 17 da ya rubuta shi kaɗai.

Bakatsine: Ɗan Jos, har yanzu ina jiran ka janye maganarka a kan Shata.

Ɗan Jos: Sai ka yi ta jira.

Shugaban Zaure: To jama'a, ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da na fahimta. Alhaji ya kawo ƙorafi, Malam ya nuna masa da hujja cewa Don Williams ya samu masu tallafa masa ta kowane ɓangare, har waƙoƙin ma yawanci rubuta masa aka yi. An kuma ji daga bakin wanda ya san kasuwa cewa Kenny Rogers ne ya fi karɓuwa, kuma ba wanda ya kawo abin da ya rushe wannan. Maganar Shata kuwa ba abin muhawara ba ce, Ɗan Jos a kiyaye gaba. Na rufe.

Tsohon Direba: Shugaba, ba kai ne hoton Kenny Rogers yake manne a gilashin motarka ba?