Neman kalma: me za mu kira ADC da direbanta kafin Asabar?

Mai Gyaran Sola: Salamu alaikum. Ranar Asabar zan koya wa yaranmu na Agege auna cajin batir da ƙaramin allon kwamfutar nan Arduino Uno, kuma da Hausa nake so. ADC ɗinsa tana karɓar wuta daga 0 zuwa volt 5, ta mai da ita lamba daga 0 zuwa 1023. Darasin na gyaran kuskure ne: batir lafiyarsa ƙalau, amma lamba sai tsalle take yi, domin direban da aka rubuta, wato ɗan shirin kwamfutar da ke karanto lamba daga ADC, yana ɗauko ta tun ADSC, alamar da ke nuna ana kan awo, bai koma 0 ba, awo bai ƙare ba ke nan. Ga shi yana karanta ADCH (ɓangaren lambar na sama) kafin ADCL (ɓangarenta na ƙasa), alhali da ADCL ake farawa. In na ce direba, motar danfo yaran za su tuna.

Malamar Kimiyya: ADC tafinta ce, direba kuma ɗan aike. Sai ka ce musu ɗan aike ya yi gaggawa, ya kwaso saƙo tafinta ba ta rufe baki ba.

Baban Nahawu: Malama, tafinta ai daga Turanci muka aro ta. Muna da madubi da mabuɗi, me zai hana majuyi? Direba kuma masarrafi.

Ɗan Idi-Araba: Baba, ka shiga kasuwar Computer Village ka ce a ba ka majuyi, mu ga abin da za a miƙo maka.

Baban Nahawu: Abin da zaman Ikko ya jawo mana ke nan. Bayarabe na alfahari da harshensa, mu kuwa kunyar namu muke ji.

Ɗan Idi-Araba: Wa ya ji kunya? A nan aka haife ni, da Hausa nake ciniki kullum. Yaron nan takardar bayanin na'ura zai buɗe gobe, ADC zai gani a rubuce.

Malamar Kimiyya: Mun bar Malam a tsaye fa. Majuyi ta yi, amma inbata ma juyin take yi. A ce majuyin lamba. Masarrafi kam bai nuna jira ba, jiran kuwa shi ne darasin.

Mai Gyaran Sola: To, majuyin lamba, in rubuta ADC a gefensa. Ɗan aike zan yi amfani da shi a baki.

Baban Nahawu: A baki kawai. Ban yarda ya shiga takarda ba.