Ali Brigginshaw: kofuna uku a gasar ƙungiyoyi huɗu, sun isa hujja?

Maman Hanifa: Jama'a, ni dai na faɗa: a zari-rugar mata ta 'yan wasa 13 ba a yi kamar Ali Brigginshaw ba. (Mace ce, kada sunan ya ruɗe ku.) Tana kyaftin ɗin Brisbane Broncos ta ɗaga kofin NRLW, babbar gasar ƙungiyoyin mata ta Ostireliya, a 2018, 2019 da 2020 a jere.

Baban Sadiq: Hajiya, a yi mini aikin gafara, kofunan nan ba su da nauyin da kike ba su. Da aka buɗe gasar a 2018 ƙungiyoyi huɗu ne kacal: Broncos, Roosters, Dragons da Warriors. Wasa uku, sai na ƙarshe. Tamika Upton fa? Ta ci kofi da Newcastle Knights a 2022 da 2023, kuma a 2023 ƙungiyoyi goma ne. Duka biyun ita aka zaɓa gwarzuwar wasan ƙarshe.

Maman Hanifa: Malam, ka manta Upton a Broncos ta fara cin kofi, 2019 da 2020, ƙarƙashin wannan kyaftin ɗin dai?

Yaya Talatu: Ku tsaya. Ni ba lissafin kofi ne ya sa nake bayan Brigginshaw ba. A Ipswich ta jihar Queensland aka haife ta a 1989, tana yarinya tana bugawa da maza. Tana cika shekara 12 dole ta ajiye, don babu gasar 'yan mata da za ta shiga. Shekarun da ɗan wasa ke koyon karanta fili, ita a waje ta yi su. Da aka kafa NRLW tana dab da 29. Abin da ya fi taɓa ni ke nan: wadda aka rufe wa ƙofa tana ƙarama, ita ce ta fara ɗaga kofin gasar.

Baban Sadiq: Yaya, wannan labarin juriya ne, kuma na girmama shi. Amma maganar ƙwarewa muke yi. Na kalli wasan ƙarshe na 2023, Knights da Gold Coast Titans, 24 da 18. Titans ne a gaba, Upton ta dangwala ƙwallo a bayan layi har sau biyu, ta juya wasan. Gudu da zilliya irin nata ban gan su a wurin Brigginshaw ba.

Maman Hanifa: Ai ba aikinsu ɗaya ba. Upton daga baya take fitowa, fili a buɗe gabanta. Brigginshaw a tsakiya take, ita ke raba ƙwallo. Ka lura da ita idan an kama 'yan wasanta karo na biyar, saura dama ɗaya ƙwallo ya koma hannun abokan karawa: ta ɗaga kai, ta nuna da hannu, ta buga shi can lungun fili. Kuma in gasar gida ta yi maka ƙanƙanta, ga kofin duniya. New Zealand ce ta cinye uku na farko. A 2013 Ostireliya ta karɓe shi a Leeds, 22 da 12, tana ciki. A 2017 a Brisbane, 23 da 16, ita ce gwarzuwar wasan. A 2022 a Old Trafford, 54 da 4, ita aka sake ba wa, tana da shekara 32.

Baban Sadiq: Na 2017 kam na sallama, wasa ne mai zafi. Na Old Trafford kuwa, 54 da 4 ba ya gwada kowa. Ina nan kan Upton, Hajiya.