Shekarata 43, zan iya komawa aikin wayarin?

Baban Khadija: Salam 'yan uwa. Ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a Kano, albashin ba ya kai ni ƙarshen wata. Ina son koyon wayarin ɗin gidaje. Anya ban makara ba?

Mai Tasta: Malam, ba ka makara ba. Amma ka shirya zama yaron wani, wataƙila ma sa'an ƙaninka. Fasa bango da shiga silin a zafin Afrilu ba wasa ba ne. Kada ka ajiye alli tukuna, fara da Asabar da Lahadi.

Ɗan Zariya: Ka haɗa da sola da inbata, can kasuwa take yanzu. In hannunka ya faɗa, nemi lasisin NEMSA, hukumar da ke kula da ingancin aikin lantarki a Najeriya, don manyan kwangiloli.

Baban Khadija: Na gode. Tsanin ne ke ba ni tsoro wallahi.