Neman kalmar Hausa: karaban da dush ɗin cikinta

Ɗan Zongo: Salamu alaikum jama'a. Ƙanena da ke Faransa ya sayi tsohuwar karaban, ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a baya a tafi hutu, ya aiko bidiyo yana gyaran wurin wankan ciki da hannunshi. Na kai wa Inna ta gani, ta ce mene ne wannan, wallahi sai na tsaya ina inda-inda. Ya canza kan dush ya sa mai ɗan maɓalli, ya bi gefen kwanon wankan da silikon saboda ruwa na tsiyaya yana ruɓar da katakon ƙasa, ya sa sandar labule mai lanƙwasa don gwiwar hannu ta samu wuri. Da Hausa me za mu ce wa ɗakin, me za mu ce wa kan dush ɗin?

Malamin lakkol: Karaban ai ayari ne. Asalin kalmar ma daga Farisanci ta fito.

Ɗan Zongo: Malam a gafarce ni, in na ce wa Inna ɗanta ya sayi ayari za ta zaci raƙuman azalai ne za su Bilma ɗauko gishiri, gobe ta aike ni tasha in tarbo kantu.

Mai walda daga Sabon Gari: Hhhh. Tirela fa? ko remok kamar yadda muke faɗi a gareji

Hajiyar Birni: Tirela ta dakon siminti ce ɗana, wa ke wanka a cikinta. Ku yaran yanzu kun manta, tafi-da-gidanka ai tun kafin salula ta zo ana faɗin ta, waya ce ta ƙwace sunan alhali ita ko ɗaki babu gare ta. Ga mai abu ya zo, a mayar mishi da kayanshi.

Malamin lakkol: Hajiya ta gama magana. Sai dai a riƙa cewa ɗakin tafi-da-gidanka don kar a zaci waya. Na janye ayari.

Mai walda daga Sabon Gari: To saura dush. Mutanen Kano shawa suke cewa, mu kuma dush, duka aro ne kuma sun zauna a baki, ni dai a bar su. Kan ne ba shi da suna. Bari in ɗan yi bayani tunda aikina ya shafe shi, ɗakin nan ba famfon gari ke ba shi ruwa ba, tanki ne a ƙarƙashi da ƙaramin injin mai aiki da batir volt 12 ke turo ruwan, tukunyar ɗumama ruwa a na Amurka galibi galan 6 ce wato kamar litir 23, ko bidon ɗinmu na litir 25 ba ta cika ba. Kan dush na gida kuwa can Amurka dokar 1992 ta ba shi har galan 2.5 a minti, kusan litir 9 da rabi, ka ga kafin minti uku an zubar da bidon guda. Shi ya sa suke sa mai maɓallin, ka jiƙa jiki ka tsayar, ka cuɗa, ka sake ka ɗauraye, ba sai ka koma daidaita zafi da sanyi ba.

Hajiyar Birni: Au, wato wankan moɗa da bokiti ne suka gano da kuɗinsu. Su zo Damagaram watan Afrilu lokacin da ake bin ɗan garuwa da lallashi, kyauta za mu koya musu.

Ɗan Zongo: Ranki shi daɗe. Ni na yi tunanin rariya saboda hujojin.

Malamin lakkol: Rariya ta riga ta yi aiki biyu, ta tankaɗe da ta fitar ruwa, kuma wurin wankan kanshi yana da rariya a ƙasa, za ka ce rariya ta toshe a rasa ta sama ko ta ƙasa. Ni zan ce mayayyafi, daga yayyafi, ginin ma-…-i irin na mabuɗi da madubi.

Mai walda daga Sabon Gari: Mayayyafi ya yi daɗi amma tsawo Malam, yaron shago ba zai faɗa ba, kan dush zai ce. Maɓallin dai ni kunama nake ce mishi kamar ta bindiga, tunda wasu matsawa ake in ka saki ruwa ya tsaya

Malamin lakkol: Kunama na karɓa hannu biyu. Mayayyafi kuma a bar shi ga rubutu, baki ya ci gaba da kan dush.

Ɗan Zongo: Saura guda. Ruwan da aka yi wanka da shi ba ƙasa yake zuba ba, wani tanki na dabam yake shiga, da Faransanci ruwa mai launin toka suke ce mishi don a raba shi da na masai. In ce ruwan toka?

Hajiyar Birni: Kul! Ruwan toka a miya ake sa shi in babu kanwa. Ka faɗa wa uwarka haka ta ce a ɗuro mata a kwalba. Ruwan cuɗa za ka ce.

Ɗan Zongo: An gama. Bari in je in ce mata auta ya sayi ɗakin tafi-da-gidanka, ya sa mayayyafi mai kunama, tankin ruwan cuɗa ya daina saurin cika. Na san abin da za ta tambaya, nawa ya kashe.