Karsanata tana fitsari ja, ragona kuma ya kwanta: kaska ce sanadi?

Mai Kiwo, Basawa:

Assalamu alaikum. Ina da ɗan garke a bayan Basawa a Zariya, shanu bunaji shida da tumaki goma sha biyar, kuma a ƙarshen rani na ƙaro karsana biyu ruwa-biyu, haɗin Friesian (irin shanun Turai) da bunaji, saboda nono. Tun da damina ta kankama a watan Yuni kaska ta yi wa dabbobin yawa, musamman a hantsa da ƙasan wutsiya. Yau kwana biyu ke nan ɗaya daga cikin karsanan ta ƙi kiwo, jikinta ya yi zafi, fitsarinta ya koma ja kamar zoɓo. A makon jiya kuma wani ragona ya riƙa zagayawa wuri ɗaya yana tauna ba komai a bakinsa, sannan ya faɗi yana shure-shure, muka yi sauri muka yanka shi. Da aka feɗe shi sai aka tarar da ruwa ya kewaye zuciyarsa. Mai sayar da magani ya ce mini duk sammore ne. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne bunajin sun fi karsanar kaska nesa ba kusa ba, amma lafiyarsu lau. Shin cuta ɗaya ce?

Likitan Dabbobi, Samaru:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya mayar da alheri. Ba na jin sammore ne, domin shi ƙudan tsando da sauran ƙudaje masu cizo ke yaɗa shi, kuma yakan rame dabba a hankali ne. Yadda ka bayyana, cututtuka biyu ne daban, kowace da irin kaskar da ke ɗauko ta.

Alamun karsanar sun yi kama da ciwon fitsarin jini, wanda ƙwayar Babesia ke haddasawa. Ƙwayar tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta hayayyafa ta farfasa su, abin da ya fashe ɗin ne ke rina fitsari, shi ya sa idan ka buɗe fatar idonta za ka gan ta fari fat ko rawaya. Ƙananan kaska masu launin toka-toka da ke zama a jikin saniya ɗaya kimanin mako uku su ne masu yaɗa ta, kuma uwar kaskar tana gadar wa ƙwanta cutar. Da wannan ciwon ne ma masana biyu, Smith da Kilborne, suka nuna a Amurka a shekarar 1893 cewa kaska na iya ɗaukar cuta daga dabba zuwa dabba. Na ragon kuwa ya fi kama da kabowa, wadda babbar kaskar nan mai zane-zane a baya da dogon baki ke kawowa, kuma ruwan da kuka gani a zuciyar yana cikin manyan alamunta.

Game da bunaji, amsar tana cikin tasowarsu. Maraƙin da kaska ta cije shi yana ƙarami, kafin ya kai wata tara, yakan kamu da Babesia ba tare da ya kwanta ba, sai jikinsa ya samu kariya. Dabbar da ta girma a killace ana yi mata feshi kullum ba ta samu wannan ba, ga kuma jinin shanun Turai da ba ya jure kaska, saboda haka ranar da ta fara shiga ciyawarmu sai cutar ta same ta da dukan ƙarfinta.

Kada ka kwana da maganar nan. Ka nemi likita ya ɗebi jini daga kunnenta a duba da madubin likita. Asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da kai. Na nace a kan gwajin ne domin akwai Anaplasma, wadda ita ma tana kawo zazzaɓi da shawara da ƙarancin jini amma ba ta rina fitsari, kuma sau da yawa ana samun biyun a dabba ɗaya. Babesia diminazin ake yi mata, wato maganin da aka fi sani da Berenil, bisa nauyin dabba, Anaplasma da kabowa kuwa oksitetrasaikilin suke ji. Kabowa ba ta jira: idan tunkiya ta kai ga shure-shure da wuya magani ya cece ta, don haka ka riƙa auna zafin sauran kowace safiya, wadda ta haura digiri 40 a kira mata likita nan take.

Dattijo, Giwa:

Likita ya gama magana, sai dai in ƙara abin da na gani a shekarun da na yi ina kiwo. Babbar kaskar nan ita ce abokiyar tafiyar kirci. Duk garken da ta yi wa yawa a farkon damina, kafin Agusta za ka ga ɓawo ya fito a gadon bayan shanu, kuma tana lalata kan nono har saniya ta kasa shayarwa. Mu da hannu muke cire ta da sassafe kafin a saki shanu, muna zubawa a gwangwani mai kananzir. Wadda aka yar a ƙasa ba ta mutu ba, ƙwai dubbai za ta zuba a cikin garken. Kaji da zabi ma suna rage ta sosai idan aka bar su suna yawo a wurin.

Amma ɗana, ban ga dalilin barin kaska ko ɗaya a jikin dabba ba. In da hali, a yi wa garken duka feshi kowane mako a huta.

Likitan Dabbobi, Samaru:

Baba, a nan zan ɗan saɓa maka. Karsanan ruwa-biyu da tumakin suna bukatar feshi a kai a kai har ƙarshen damina, wannan babu gardama. Bunaji kuwa rage musu kaska ake so, musamman babbar, domin idan aka share ta gaba ɗaya shekara da shekaru, maruƙan da za a haifa za su taso babu kariya kamar karsanar Malam. Yawan feshi da maganin da aka tsinka da ruwa fiye da ƙa'ida shi ne kuma ke sa kaska ta daina jin magani.

Wajen cirewa da hannu, kada a murƙushe ta da farce, domin wata irin kaska mai zobe-zobe a ƙafafu tana ɗauke da zazzaɓin Kirimiya-Kwango mai kama mutane. Wanda ke da doki a gida kuma ya kiyaye, maganin feshin amitaraz da ake yi wa shanu guba ne ga doki.

Mai Kiwo, Basawa:

Na gode ƙwarai, Likita, na gode Baba. An ɗebi jinin jiya da hantsi, an ga Babesia, an kuma yi mata allura bayan an ƙiyasta nauyinta da tef. Yau da safe fitsarin ya fara washewa, ta ɗan taɓa dusa da harawa, ko da yake har yanzu ba ta da ƙarfi. 'Yar uwarta ba ta nuna komai ba, amma na tsare ta a gida ina yanko mata ciyawa. Tambayar da ta rage mini ita ce, ciyawar da ake yankowa daga fadama ba za ta shigo mini da ƙananan kaskar cikin garken ba?