Don na ce Maryamu uwata ce shi ne na zama mai bautar gunki?

Maman Biyu: Jama'a ku raba ni da wannan abu, raina a ɓace yake tun jiya. Maƙwabciyata da muka yi shekara 6 muna zaman mutunci ta shigo ɗakina aron dutsen guga, ta ga siffar Maryamu bisa tebur da kyandir da rosari, wato tasbaharmu ta Katolika, ta fita ba ta ce uffan ba, da marece sai ga ɗiyarta ta maido man kular dambun da na aika masu, wai an hana su cin abincin gidan gunki. Ni tun da innata ta rasu ina 'yar shekara 14 Maryamu ce uwata ta sama, lokacin da na yi shekara 5 ba haihuwa dangin miji suna ta yada man habaici ita nake kai wa kukana, ita ta hana ni fidda rai. Yanzu in je in same ta mu yi magana ko in share ta?

Ɗan Mabera: Sannu Maman Biyu, amma tsaya. Uwa kamar ƙaƙa? Mu dai mun san Nana Maryam uwar Annabi Isa ta, alaihis salam, ɗa guda ta haihwa. Ke yaushe ta haihe ki?

Maman Biyu: Malam ba maganar naƙuda nake ba. A Yohanna 19 Yesu na kan gicciye ya dubi almajirinsa ya ce ga uwarka, mu Katolika mun ɗauka da mu duka yake.

Ɗan Zuru: Yaya ki yi haƙuri, ni ma Kirista ne ɗan ECWA, amma mutum ɗaya aka faɗa wa wannan magana don ya kula da ita. Kuma malam ba ɗa guda ba ne, duba Markus 6:3 an jera 'yan'uwan Yesu har huɗu da sunayensu. Matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutum, 1 Timoti 2:5, ba a ce da uwarsa ba.

Katekis: Ƙanena, kai ɗan baffanka ba ɗan'uwanka kake ce masa ba? Bauta ta Allah ce shi kaɗai, ita girmamawa muke yi, abin da muke cewa a rosari shi ne ta yi addu'a dominmu masu zunubi. A bikin Kana ita ta lura ruwan inabi ya ƙare ta gaya wa ɗanta, sannan ta ce wa barori duk abin da ya faɗa maku ku yi, jagorancinta ke nan, nuna hanya zuwa gare shi. Ko a 2020 Paparoma Francis ya ƙara Uwar Bege cikin jerin kirarinta. Kuma tun taron Afisa a shekara ta 431 ikilisiya ta tabbatar da kiranta Uwar Allah.

Ɗan Mabera: Innalillahi! Kun ji ko? Daga uwar Maman Biyu an koma uwar wa? Ku karanta Ma'ida aya ta 116.

Hajiyar Gawon Nama: Wannan ta ƙarshen ni ma ban yarda da ita ba ko kusa, Katekis ka yi haƙuri. Amma ɗana kai ma ka cika zafi. Matan Manzon Allah (SAW) ba uwayen muminai Alƙur'ani ya kira su ba a Suratul Ahzab? Sun haife ka ne? Maryam kuwa ita kaɗai ce macen da aka ambaci sunanta a Alƙur'ani, sura guda ta 19 da sunanta, a Ali Imrana an ce an zaɓe ta bisa matan talikai. Yarinya marainiya ta ce uwa, mi ya yi zahi? Kamun ƙafa da bayin Allah ai ba yau aka fara ba.

Ɗan Mabera: Hajiya da girmanki. Ai na san nan za ki, ku masu zuwa Hubbare kuna shafa ƙasa dole ku kare su.

Bawan Shehu: Kai yaro kama bakinka, kar ka kuskura ka sa Hubbaren Mujaddadi cikin wagga magana. Kakanka na ziyara can tun ba a san da masallacinku ba.

Ɗan Mabera: Ka san kakana ne?

Mai Shayin Marina: Ni tambayata guda, wa ya kwaikwayi wani a tasbaha? Na ga tasu a wuyan wani kwastoma na ƙirga 59, tamu 99.

Ɗan Zuru: Ba a wuya ma ya kamata ya sa ba, sarƙa ce?

Katekis: Ba gasa ba ce mai shayi. Mu Oktoba ne watan rosari, a Fatima ta ƙasar Fotugal ma a 1917 yara uku makiyaya suka ce ta bayyana gare su ta ce a riƙa yinsa kullum.

Mai Shayin Marina: Fatima kuma? To wallahi sunanmu ne, har gari kuka ɗauke.

Admin: To ya isa haka, zan rufe. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda kamun ƙafa da salihan bayi yana da asali, Hajiya ta kawo hujja ba wanda ya iya tankawa, su Ɗan Mabera da Ɗan Zuru duk da addini ba ɗaya ba kansu ɗaya, gardama kawai. Wanda ya sake taɓa Hubbare zan cire shi.

Ɗan Mabera: Wa ya yarda? Admin ai kowa ya san zawiyar da kake wazifa.

Maman Biyu: Ni dai har yanzu ba wanda ya ce man in je ko kar in je, ga dutsen gugata ma yana wurinta kuma gobe Lahadi.