Shin girman zane ne ke yanke kuɗinsa?

Alhaji: Assalamu alaikum. An kawo mini tallar wani zanen bakin teku na fentin mai, santimita 25 a 20, aikin wani mai zane da ke raye a Legas, kuma kuɗin da aka sa masa ya kusa na wanda ya ninka shi huɗu a girma. Matsayina shi ne, tunda fenti da ƙyalle da lokacin da ya ci duk kaɗan ne, dole kuɗinsa ya bi girmansa.

Malamin zane: Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, masu zane da yawa da inci suke lissafin farashi, sai dai sukan tsadada incin ƙaramin zane, domin wahalar kama hasken rana a kan ruwa ba ta raguwa don allo ya ƙanƙance. Salon kama haske ma, wanda ake kira Impressionism, a kan ƙananan alluna ya bunƙasa, tunda a bakin ruwa ake aikin, da hanzari, kafin haske ya sauya. Boudin, mai zane ɗan Faransa wanda ya rasu a 1898, ya yi suna ne da ƙananan zanukan gaɓar garin Trouville na ƙasarsu, kuma zanen Monet, shi ma ɗan Faransa, na fitowar rana a tashar jiragen ruwa ta Le Havre, na 1872, wanda salon ya samo sunansa daga gare shi, santimita 48 ne a 63.

Hajiya dillaliya: Allah shi gafarta Malam, ban yarda a kawo Monet cikin cinikin mai zane da ke raye ba, domin da irin waɗannan sunaye ake ruɗar mai saye. Abin tambaya shi ne nawa aka taɓa sake sayar da aikin wannan mutum bayan ya bar hannunsa. Gidajen baje zane sukan ɗauki kusan rabin kuɗin, saboda haka farashin kanti daban, abin da Alhaji zai samu ranar da ya so rabuwa da shi daban. Zanen Tutu na Ben Enwonwu, mai zane ɗan Najeriya, ya kai fam miliyan 1.2 a gwanjon Bonhams na Landan a 2018 saboda suna da tarihi, ba wanda ya auna shi da awo.

Malamin zane: Hajiya, idan suna ne kawai, to wa zai fara sayen aikin sabon hannu? Ido ma yana da hukunci.

Hajiya dillaliya: Yana da shi, amma a fara tabbatar da cewa aikin hannu ne na asali. A ƙauyen Dafen na ƙasar Sin ana yin irin waɗannan zanukan teku jingim, wasu kuma bugun inji ne da aka shafa wa wani abu mai kauri don ya yi kama da sawun buroshi. A haska tocila daga gefe, a ga ko tudun fentin ya dace da siffar igiyar ruwan, a sa madubin ƙara girma a nemi ɗigo-ɗigon inji, sannan a juya bayansa a duba shekara da sa hannu, a nemi rasidi.

Ɗalibi: Ina neman izinin manya. A nan Sakkwato bushewar hunturu tana iya tsaga allon katako ta fasa fenti mai kauri, kuma tsagaggen zane kuɗinsa faɗuwa yake yi.

Alhaji: Na ji bayaninku, amma ban sauka daga matsayina gaba ɗaya ba, domin a aikin mutum guda babba ya kamata ya fi ƙarami tsada. Hajiya, a wane gwanjo zan bincika sunansa?